Wa Ya Ga Fuskarsa? Shekara Bakwai Bayan Injiniya Hudu

Shekara bakwai ke nan da muka kwantar da Injiniya Hudu a wata maƙabarta da ke gefen birnin Riyad, muka karkaɗe ƙasa daga hannuwanmu, kowa ya koma bakin aikinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don na san da yana raye da ya yi mini dariya, ya ce Bakatsine ya sami alƙalami, yau mun shiga uku. Bana dai ba zan fasa ba. Wani abu ya faru a watan jiya da ya hana ni sukuni, kuma wanda ya kamata in kai wa ƙara shi ne ba ya nan.

Ga wanda bai san shi ba, Hudu mutumin Haɗeja ne, injiniyan na'urorin sanyi. Kamfanin da ya ɗauko shi yana Birnin Masana'antu na Biyu, amma rabin rayuwarsa a kasuwar Aziziya ya yi ta, cikin ɗakunan sanyin da ake jibge tumatir da lemo da inabi. Ni kuma ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a nan birnin, sunana Sani. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan Katsinawa da Haɗejawa bai bar mu mun taɓa gaisawa da mutunci ba. Likitan allura yake ce mini, ni kuma in ce masa mai gadin tumatir. Mutum ne mai faɗa, mai saurin hawa, kuma idan ya sa abu a gaba ba ya jin bari.

Aikin sanyin nan ne ya kai shi ga abin da ya zama aikin rayuwarsa. Wata rana kamfani ya tura shi gyaran ɗakin ajiye gawa a wani asibiti. Yana cikin aiki aka jawo wata gawa don a sauya mata wuri, mayafin ya zame, sai ya ga tsagar Hausa a kunci. Ya tambayi mai kula da wurin, aka ce masa mutumin ya yi watanni a nan, ba wanda ya zo nemansa. Hudu ya gaya mini cewa ranar ya gama gyaran, ya fito, ya zauna a mota ya kasa tayar da ita. Daga nan ya fara bin ɗakunan 'yan dako da direbobi da leburorin gini yana tambaya, wa ya ɓata muku, wa kuka daina gani. A haka muka taru, mu 'yan ƙalilan, muka zama masu bin gawar duk ɗan Najeriyar da ya mutu ba shi da kowa.

Sai dai akwai wata matsala tamu ta kanmu, wadda baƙo ba zai gane ta ba. Mutanenmu da yawa sunan da ke kan fasfo daban, sunan da aka san su da shi a gida daban. Wanda uwarsa take kira Ɗanladi, a iƙamarsa, wato katin izinin zama, Muhammad Abdullahi ne. Ka shiga Aziziya ka ɗaga murya ka ce Muhammad Abdullahi, ka ga yawan kawunan da za su waiwayo. Wani ma da katin ɗan'uwansa yake yawo idan nasa ya mutu. Wannan ne ya taɓa rufta da Hudu. Ya dogara da katin da aka samu a aljihun wani mamaci, ya aika gida da labari. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, matar ta gama takaba. Can sai ga mai sunan ya bugo waya daga gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, yana faɗa wai me ya sa ba wanda ya neme shi. Wanda aka binne kuwa abokin ɗakinsa ne, kuma danginsa ba su ji komai ba sai daga baya.

Hudu bai taɓa yafe wa kansa wannan ba, kuma daga nan ya kafa mana doka. Ba a rufe wa namu likkafani sai wanda ya san shi da rai ya zo ya buɗe fuska ya duba. Mutumin nan shi zai bi gawar zuwa masallaci, ya bi ta maƙabarta, ya shiga kabarin idan da hali. Kafin ya bar wurin, da ƙasa a hannunsa, zai kira uwar mamacin ko matarsa, ya faɗi sunansa da garinsu, sannan ya ce, na ga fuskarsa, ni na sa shi a kabari. Idan ba ka gani ba, kada ka kuskura ka ce ka gani, ko da kuka ake yi maka. Shaidar ido muke kiran abin. Ba a rubuce take a ko'ina ba, amma sai da ta kai ƙauyukan Jigawa da Kano da Katsina sun san da ita, har idan labarin mutuwa ya iso daga Riyad, tsofaffi sukan ce a dakata tukuna, masu gani ba su kira ba.

Kada wani ya zaci zamanin nan daɗi ne da shi. Wahala muka sha. Ba mu da mota, akwai ranar da a bayan motar kayan miya muka ɗauki gawa, muna roƙon Allah kada a tare mu. Ƙasar nan ba a tara gudummawa sai da izini, mu kuwa ba mu da shi, don haka ko likkafani sai an yi ɓoye-ɓoye kamar masu laifi. Takardun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ma'aikaci, su kaɗai sukan riƙe gawa wata da watanni a sanyi. Saboda haka da aka ji wata gidauniya ta masu hali ta fara ba ƙananan ƙungiyoyin agaji tallafi don su gudanar da ayyukan sa kai a unguwanni, Hudu ne ya fara zabura. Ya nemo wata ƙungiya mai rajista a kudancin birni da ke wankan gawa da jana'iza, ya yi ta zarya har suka yarda suka sa mu a ƙarƙashinsu, suka nemi tallafin da aikinmu a ciki.

Wasu dattawanmu sun yi ƙorafi, sun ce aikin Allah ba ya son riga mai tambari. Hudu ya yi musu tatas, kamar yadda ya saba. Na tuna abin da ya ce a wajen mai shayin da muke haɗuwa bayan Juma'a:

"Ku bar su su kawo mota, su kawo likkafani, su bi mana takardu. Mu kuma mu kawo ido. Shi ba a ba da tallafinsa, sai dai mutum ya taso da nasa."

Ni ma ina cikin masu murna, kuma har yau ban ce kuskure aka yi ba. Tallafin ya kawo mota mai sanyi. Ya kawo horo, aka koya wa mutane wanka yadda ya dace. Ya kawo ma'aikacin da ya san ƙofar kowane ofis, gawar da a da takan yi rabin shekara ta koma fita cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar da ta daɗe a sanyi ba zai raina wannan ba. Hudu ya ga farkon abin, ya ji daɗi, har yana yi mini gori wai Haɗejawa sun kawo ci gaba Katsinawa suna barci.

Bai yi shekara biyu a kai ba ya tafi. Da hantsi ne, yana cikin wani ɗakin sanyi a Aziziya, ya dafe ƙirji ya sulale. Ni na buɗe fuskarsa a wurin wanka, ni na shiga kabarin, kuma ni na kira matarsa Hajiya Rabi a Haɗeja. Labari ya riga ni isa, amma ba ta yarda an shimfiɗa tabarma ba sai da wayata ta shiga.

"Kai ka gani, Sani?" ta ce.

Na ce, "Ni na gani, Hajiya."

Sai ta ce, "To, Allah ya jiƙansa. Ku shimfiɗa." Da wasu take magana a can gefe. Na ji kukan ya tashi a gidan, ni ma na zauna a kan ƙasar na yi nawa.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, shi ya sa ba mu farga ba. Shirin ya bunƙasa. Gidauniyar ta ga aiki na tafiya, ta sabunta tallafi. Masu sa kai suka yawaita, 'yan ƙasa da 'yan Sudan da 'yan Yaman da Pakistan, malamai masu ritaya da ma'aikatan ofisoshin unguwar Ulaya ta nan Riyad da ke zuwa ran hutu. Kowa ya yi rajista ta waya, a ba shi ranarsa, ya sa koriyar riga ya yi aikinsa tsakani da Allah. Labarin gawa da a da sai ya biyo ta wajen mai shayinmu, yanzu daga asibiti kai tsaye yake wucewa ofishin ƙungiya. Annobar korona ta zo ta hana taruwa, ta wuce, mu kuma ba mu dawo ba. Kalmar da ta kashe mu ita ce, ai an ɗauke mana nauyi. Muka koma wani zaure a waya inda idan an yi rasuwa kowa zai turo inna lillahi da hoton hannuwa biyu a ɗage, ya ci gaba da cin abincinsa. Mutum ya fi ɗari a zauren nan, ga likitoci ga injiniyoyi, amma ranar jana'iza sai ka rasa wanda zai ba da awa biyu.

Ban ga laifin gidauniya ba. Ita abin da take tambaya shi ne gawa nawa aka sallama, masu sa kai nawa suka fito, cikin kwana nawa aka gama. Tambayoyi ne na hankali. Ba ta san cewa Ɗanladi shi ne Muhammad Abdullahi ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Ba ta san akwai wata tsohuwa a ƙauye da ba ta yarda da hatimi, sai muryar mutum. Mu muka sani, mu kuma muka bari.

Ga abin da ya faru. Akwai wani ɗan dako a Aziziya, Tasi'u, mutumin wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na san shi sama-sama, yakan rage mini kuɗin dako idan na je sayen albasa, yana tsokanata da Katsinanci. A farkon zafin bana ya faɗi tsakanin manyan motoci, aka kai shi wani asibiti da ba namu ba, rai ya yi halinsa. Kafil ɗinsa mutumin kirki ne, ya sa hannu da wuri. Wansa Haruna ya aiko da yarda daga gida. Ƙungiya ta ɗauke shi a motar da Hudu ya yi faɗa a kanta, aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar tare da wasu gawarwaki, aka binne shi. Komai ya tafi daidai. Abokan ɗakinsa suna bakin aiki, sai da aka gama suka ji. Ni ma sai da aka kwana biyu labarin ya iso ni. Babu Bahaushe ko ɗaya a bakin kabarin.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta ce ba ta yarda ba. Aka nuna mata takardar asibiti, aka karanta mata sunan da ke kan iƙamarsa, ta ce ita ba ta haifi Muhammad Abdullahi ba, Tasi'u ta haifa. Kuma tana da hujja. Shekarun baya da ɗan maƙwabciyarta ya rasu a nan, wani bawan Allah Bahaɗeje ya kira daga maƙabarta ya ce ya ga fuska. Ita wa ya kira ta? Ta kuma san labarin wanda aka yi wa arba'in ya dawo da ƙafarsa, duk yankin an san shi. A wurinta ɗanta yana tsare a wani wuri, kuma zai bugo.

Wadda abin ya faɗa wa a ka ita ce Binta, matar Tasi'u, da 'ya'yanta uku a gidan tsohuwar. Limamin garin ya ce takaba ta hau kanta tun ranar rasuwa. Surukarta ta ce ba a gidanta za a yi wa mai rai takaba ba. Ta hana ta kwance kitso, ta hana a karɓi gaisuwa, wanda ya zo ta'aziyya ta kore shi da baƙar magana. Mahaifin Binta ya zo ɗaukarta, tsohuwar ta ce ta tafi amma ta bar yara, ubansu zai dawo ya tambaya. Yarinyar nan ga ta nan a tsakiya. Ba ta isa ta yi kukan mijinta a fili ba, sai ta shiga bayan gida.

Haruna ne ya nemo lambata. Na ce ya ba ni lokaci. Na je ofishin ƙungiya, aka karɓe ni da shayi da mutunci, aka duba aka gano wanda ya yi wankan ranar, wani dattijo ɗan Sudan, Malam Usman, mai ritaya. Na nuna masa hoton Tasi'u a waya. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wallahi, ɗan'uwa, ban tuna ba," ya ce. "Ranar suna da yawa. Kuma ni ba na ƙura wa fuska ido, ina suturta su ne kawai. Ba zan ce maka na tuna ba alhali ban tuna ba."

Na ji haushi, amma ba nasa ba. Mutumin nan ya bar gidansa ya zo ya wanke ɗan'uwanmu da hannunsa, ba ya neman ko sisi. Aka ba ni lambar kabari. Na je na tsaya a kai. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna, tudun ƙasa ne da dutse, jere bayan jere. Na yi masa addu'a, amma lamba ba fuska ba ce.

Da na gaya wa Haruna, sai ya fara roƙona. "Malam Sani, don girman Allah ka ce mata ka gani. Kai ma ka san shi ne aka binne. Ka ceci yarinyar nan da 'ya'yanta."

Na san shi ne. Kayansa suna ɗaki, abokansa ba su sake ganinsa ba, waɗanda suka ɗauke shi daga ƙasa sun ce shi ne ya faɗi. Amma daga ƙofar asibiti zuwa kabari babu idon namu, kuma irin wannan tabbacin ne Hudu yake da shi ranar da ya sa aka yi wa mai rai makoki. Na yi kwanaki ina juya maganar. Na tambayi kaina me Hudu zai yi da shi ne a matsayina. Ina jin da ya fara zagina tas, ya ce ina kake lokacin da ake wankan. Sannan da ya ce idan ka yi ƙarya sau ɗaya, duk kiran da aka yi a baya da wanda za a yi nan gaba ya zama banza, Hajiya Rabi ma sai ta zauna ta sake tunani. Ko kuma tausayi ya kama shi ya karya dokarsa, don na sha ganin hawayensa. Ban sani ba. Mamaci ba ya ba da fatawa.

Na kira. Haruna ya miƙa mata wayar. Na gaishe ta, na faɗi sunana da garinmu kamar yadda aka saba, na gaya mata duk abin da na bincika, na ce Inna, duk alamu sun nuna Tasi'u ne, ki yi haƙuri ki karɓi ƙaddara. Ta bar ni na gama.

"Yaro, kai ka ga fuskarsa?"

Na ce, "Ban gani ba, Inna."

"Akwai wanda ya gani a cikinku?"

Na ce babu.

Sai na ji muryarta ta washe. "Alhamdu lillahi! Haruna, ka ji ko? Ban gaya muku ba? Allah ya yi maka albarka, yaro, da ba ka yi mini ƙarya ba." Ta yi ta sa mini albarka. A bayan muryarta na ji wani abu ya faɗi kamar kwano, da sawun mutum yana fita da sauri. Ban tambayi ko waye ba.

Har yau ban san ko daidai na yi ba. Albarkar nan da ta sa mini ta fi mini zagi ciwo.

Bayan nan na koma ofishin ƙungiya na roƙe su, idan gawar ɗan Najeriya ta zo, su kira ɗayanmu kafin a rufe likkafani. Shugaban shirin ya dube ni da mamaki, ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, me ya hana ku faɗa tuntuni? Nan take ya amince. Ashe ƙofar ba a taɓa rufe ta ba, mu ne muka daina zuwa. Na sanar a zaurenmu na waya cewa ana neman masu tsayawa. Hotunan hannuwa suka yi ta zubowa. Waɗanda suka ba da sunansu da gaske ba su cika ƙaramar mota ba, amma da su za mu fara, don da Hudu ya fara ma ba su kai haka ba.

Idan na auna abin da ya bari, motar tana nan, an ma ƙara wata. Horon yana nan, tallafin yana zuwa duk shekara, kuma ba na jin akwai namu da zai sake yin watanni a sanyi. Wannan aikinsa ne, Allah ya kai masa ladan kabarinsa. Amma abin da ya fi damuwa da shi, wanda ya ce mu ne za mu kawo, shi ne ya bi shi ƙasa, kuma ba gidauniya ce ta binne shi ba. Ranar da na je wajen Tasi'u na ratsa ta ɓangaren da muka sa Hudu. Jere ya ƙaru, duwatsun duk iri ɗaya, na kasa nuna nasa. Ban damu sosai ba. Matarsa ta yi kukanta ta share hawaye, ta yi takabarta, 'ya'yansa sun san su marayu ne, domin akwai wanda ya duba ya faɗa musu. Allah ya jiƙan Injiniya Hudu, ya sa ya huta.

Shekaranjiya Haruna ya sake kirana. Ya ce Inna Kulu ta sa a yi wa ɗakin Tasi'u sabon yaɓe kafin ruwa ya kankama, kada ya dawo ya tarar yana yoyo. Binta ce take ɗebo ruwan kwaɓin.